Hoto yana da kyau a allo, a takarda ya fito dishi-dishi

Bashir:
Assalamu alaikum 'yan uwa. An turo mini hoto ta WhatsApp, faɗinsa fiksel (ƙananan ɗigogin da ke haɗuwa su zama hoto) 1200, tsayinsa 900, a waya tar yake. Na buɗe shi a Photoshop, manhajar gyaran hoto, na mai da 72 ɗin da na gani a wurin Resolution zuwa 300, na buga a A4, sai fuskokin duk suka dushe. Ina kuskuren yake? Sannan akwai wani mai 4000 x 3000 da nake son sawa a shafin intanet, amma ya yi nauyi. Don Allah a taimaka.

Malam Habibu:
Wa alaikumus salam, ɗan uwa. Matsalar tana ga ƙarancin fiksel ɗin hoton. Lambar 300 ɗin nan ma'anarta fiksel nawa za a jera a kowane inci na takarda. Raba 1200 da 300, ka samu inci 4. Raba 900 da 300, inci 3. Iyakar girman da hotonka zai fito da kyau ke nan. A4 kuwa milimita 210 x 297 ne, kana buƙatar fiksel kusan 2480 x 3508 kafin ka cika ta. Idan aka miƙe 1200 a dogon gefen A4, kowane inci fiksel 103 kacal zai samu.

Da ka rubuta 300 alhali akwatin Resample, mai ƙara ko rage fiksel, yana kunne, Photoshop ƙirƙiro sababbin fiksel ya yi ta hanyar kintace daga maƙwabtansu. Fayil ya ƙara nauyi, amma abin da kyamara ba ta ɗauka ba, manhaja ba za ta dawo da shi ba. Ka cire alamar Resample, ka sa 300, nan take zai nuna maka ainihin incin da hoton zai iya cikawa.

Malama Rabi:
Malam Bashir, ka fara neman asalin hoton. WhatsApp yana rage fiksel, yana kuma matse hoto idan aka tura shi a matsayin hoto. Ka ce wa mai shi ya turo a matsayin Document, ko ta imel. Idan 4000 x 3000 ne asalinsa, zai cika A4 a kan fiksel kusan 340 a inci, har da rara.

Auwal:
Game da na intanet, allo bai damu da 72 ko 300 ba, fiksel kawai yake ƙirgawa. Ka yi kwafi, kada ka taɓa asalin. A kwafin ka kunna Resample, ka bar alamar sarƙa a kulle don kada mutane su yi tsawo ko su baje, ka sa faɗi 1600, tsayi zai koma 1200 da kansa. Ka ɗan ƙara masa kaifi, domin ragewa tana laushe gefuna. Ka ajiye shi a tsarin fayil na JPEG, inganci wajen 80 cikin 100, tsarin launi kuma sRGB. Kuma ka ajiye sau ɗaya kawai: duk lokacin da ka sake ajiye JPEG, yana ƙara zubar da wani abu. Tambari ko hoto mai rubutu, tsarin fayil na PNG ya fi masa.

Bashir:
Na gode ƙwarai. Na samo asalin, amma da na sa shi a A4 sai fari ya rage a gefe.

Malam Habibu:
Siffarsu ce ta bambanta. Hotonka 4:3 ne, wato faɗi huɗu, tsayi uku, A4 kuwa ta fi shi tsawo. Ko ka bar farin, ko ka yanke kaɗan daga sama da ƙasa da Crop, ka sa 297 x 210. Kada ka ja gefe ɗaya don ya cika. In madaba'a za ka kai kuma kana son hoton ya kai baki, ƙara milimita 3 a kowane gefe, wato 303 x 216, saboda wuƙar yanka takan ɗan kauce.