Wai me ya sa aka yi shiru da abin da Sin ta ɗebo a wata?

Mai Ƙorafi: Salamu alaikum 'yan zaure. Abin nan ya tsaya mini a rai. Ranar 25 ga Yunin 2024 kumbon ƙasar Sin, Chang'e-6, ya dawo da ƙasa da tsakuwa kusan kilo biyu daga ɓangaren duhu na wata, abin da ba ƙasar da ta taɓa yi. Amma shiru kake ji. Da NASA ce, hukumar sararin samaniyar Amurka, da har yanzu ba su bar mu mun yi barci ba. A nan ma na saka labarin, ko tari ba wanda ya yi.

Malamin Kimiyya: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, gyara kaɗan, wata ba shi da ɓangaren duhu. Can ma rana na fitowa, ta yi kusan mako biyu, dare ma haka. Lokacin da yake ɗauka ya juya a kan kansa daidai yake da wanda yake ɗauka ya zagaya duniya, kwana 27 da 'yan kai, shi ya sa kullum fuska ɗaya yake nuna mana. Ɓangaren baya na wata za ka ce.

Mai Ƙorafi: Malam, ni ina maganar rashin adalci, kai kana maganar duhu.

Ba Sani Ba Sabo: To ai gaskiyarsa ne. Wurin da ido bai taɓa gani ba, in ba duhu ba me za a kira shi?

Malamin Kimiyya: Kai ma ba ka taɓa ganin ƙeyarka ba, duhu ce?

Ba Sani Ba Sabo: Malam, da girmanka. Ƙeyata me ta yi maka?

Masoyin Rasha: Ku daina cewa ba a taɓa gani ba. Tun 1959 kumbon Tarayyar Sobiyet, Luna 3, ya ɗauko hoton wurin. Su ne iyayen gidan kowa a sararin samaniya.

Ɗan Sa Ido: Iyayen gidan da kumbon Luna 25 ɗinsu ya yi kwatsa-kwatsa a kan wata a Agustan 2023? A satin da Indiya ta sauke nata lafiya lau?

Masoyin Rasha: An san ku, 'yan koren Amurka.

Ɗan Sa Ido: Indiya na ambata, ina ka ga Amurka? Amma tunda ka taɓo su, tsakanin 1969 da 1972 mutum 12 suka taka wata a shirinsu na Apollo, suka kwaso kilo 382. Kilo biyun ne za a hana mu sakat a kai? Kuma ramin da kumbon Sin ɗin ya sauka ma Apollo ake kiransa.

Ba Sani Ba Sabo: Wa ya taka? Fim ne kawai. In da gaske ne me ya hana su komawa shekara hamsin?

Malamin Kimiyya: Kuɗi da siyasa. Kuma kumbon LRO mai zagaya wata ya ɗauki hotunan wuraren da suka sauka tun 2009.

Ba Sani Ba Sabo: LRO ɗin na waye? Na NASA. Ɓarawo ya kawo ɗan'uwansa shaida.

Hajiya Mai Tambaya: Don Allah 'yan'uwa, ni abin da nake so in ji, me aka samu a cikin ƙasar da aka ɗebo?

Malamin Kimiyya: Madalla Hajiya. An samu dutsen aman wuta mai kimanin shekara biliyan 2.8. Wahalar aikin kuwa, daga can saƙo ba ya isowa duniya kai tsaye, jikin watan ne ke tare shi, sai da suka fara harba tauraron ɗan'adam Queqiao-2 ya riƙa miƙo saƙon.

Ba Sani Ba Sabo: Kun ji! Da bakinsa ya ce saƙo ba ya fita. Duhu ke nan.

Malamin Kimiyya: Innalillahi. Saƙon rediyo daban, hasken rana daban.

Masoyin Rasha: Ni dai sai wancan ya janye kalmar kwatsa-kwatsa.

Mai Ƙorafi: Kun gani ko? Saƙo sama da goma, ba wanda ya ce Sin ta yi ƙoƙari.

Shugaban Zaure: Jama'a ya isa haka, dare ya yi. Abin da na fahimta, kowa ya yarda Sin ta yi abin da ya gagari Amurka, kuma hassada ce ta sa aka danne labarin, tunda tun 2011 majalisarsu ta taƙaita wa NASA yin aiki da Sin. Batun duhu kuwa, Malam ya yi bayani mai kyau, amma shi ma daga baya ya amince akwai ɗan duhu-duhu. Zuwan Amurka wata mun bar shi a matsayin abin da malamai suka yi saɓani.

Malamin Kimiyya: Yallaɓai, a ina na amince?

Shugaban Zaure: An rufe, Malam. Sai da safe.