Wani dattijo ya ci ni 11-3 a ƙwallon tebur, ina neman shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata huɗu ina buga ƙwallon tebur a bakin layinmu, irin teburin nan da wanda aka ci yake miƙa bat ya koma benci. Ba yabon kai ba, in na hau sai kiran magariba ke sauke ni. Ranar Asabar abokina ya kai ni wani kulob da ake bugawa a cikin ɗaki, aka haɗa ni da wani dattijo da ya isa ya haife ni, gemu fari fat, ko gudu ba ya yi. Ya ci ni 11-3, 11-4, 11-3. Sabis ɗinsa ne, wato bugun da ake farawa da shi, ya gama da ni. In na tare, ƙwan ya faɗa raga. In na ɗan ɗaga hannu, ya yi sama, shi kuma ya sheme shi. Simash, bugun ƙarfin nan da nake taƙama da shi, ko sau biyar ban samu yi ba. Kuma kullum sai na yi awa biyu ina wasa. Ina gyaran yake?

Ɗan Fagge: Bat ne kawai. Sayi mai tsada ka ga aiki.

Tsohon ɗan wasa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kar ka kai kuɗinka kasuwa tukuna. Awa biyun nan da kake yi wasa ne, ba atisaye ba. A bakin layi kowa so yake ya ci don kar a sauke shi, saboda haka abin da ka iya shi kake ta maimaitawa, wanda ba ka iya ba kuwa kana guje masa shekara huɗu. Dattijon nan murɗa ƙwai yake yi, kai kuma ba ka koyi karanta murɗi ba.

Daina kallon fuskarsa da kafaɗarsa. Kalli bat ɗin daidai lokacin da ya taɓa ƙwan. In ya shafo shi ta ƙasa kamar mai yankan albasa, ƙwan na juyowa baya, shi ne mai faɗa maka raga. Kwantar da fuskar bat ɗinka tana kallon sama, ka tura ta ƙarƙashinsa. In ya shafo ta sama, shi ne mai tashi, sai ka kifa bat ɗin a kansa. In ta gefe ya ja, mayar da ƙwan wajen da hannunsa ya faro. Ga wata kuma: in har idonka na iya ganin tambarin da ke jikin ƙwan yana tahowa, babu murɗi a cikinsa, hannu kawai aka kaɗa maka.

Nemi ƙwai ashirin ko talatin a bokiti, ka je tebur da sassafe ba kowa. Yi ta yin sabis na yanka har ka ga ƙwan ya dira a ɓangaren can ya juyo da kansa yana neman raga. Ranar da hannunka ya iya murɗawa, idonka zai fara gane na wani.

Mai tambaya: Na gode Yaya. Amma akwai abin da ya ɗaure min kai. Ko ni na murɗa masa, in ya dawo da shi sai ya zo a birkice. Baƙin gefen bat ɗinsa ma ƙuraje ne a jiki.

Tsohon ɗan wasa: To ai ka faɗi sirrin! Roba mai dogayen ƙuraje ba ta yin murɗin kanta sosai, naka take maido maka. Ka kai masa mai juyi gaba, ya dawo maka kamar an yanka. Ka yanka masa, ya dawo yana neman tashi. Ba shi dogon ƙwai mara murɗi a gefen ƙurajen, ka jira wanda zai dawo, shi za ka buga. Dattawan kulob da wannan robar suke cin yara masu ƙarfi.

Wata 'yar wasa daga Jos: Ni a ƙafa zan tsaya. Masu wasan layi da yawa a miƙe suke tsayawa, hannu kawai suke miƙawa. Buɗe ƙafa fiye da faɗin kafaɗa, ka ɗan durƙusa, nauyinka a kan yatsu. Samu aboki ya riƙa ba ka biyu a hagu ɗaya a dama: na farko ka buga da bayan hannu, na biyu ka kauce ka buga da gaban hannu daga kusurwar hagun, na uku ka matsa dama. Minti biyar a jere, ba lissafin maki. Cinyarka za ta gaya maka. Dubi wasan Quadri Aruna na Najeriya da Timo Boll na Jamus a gasar Olamfik ta Rio a 2016, inda Aruna ya zama ɗan Afirka na farko da ya kai matakin 'yan takwas. Kowa gaban hannunsa yake yabo, amma ka sa ido a ƙafarsa ka ga yadda take kai shi wajen ƙwan kafin hannun ya tashi. Kuma in za ka kai hari, nufi gwiwar hannun da abokin wasa ke riƙe da bat, nan ne yake rasa da wane gefe zai tare.

Alƙalin wasa: A gyara sabis tun yanzu, don na layi ba zai wuce a gasa ba. Ƙwai a buɗaɗɗen tafi, a cilla shi sama aƙalla santimita 16, a buge shi yana saukowa, kuma tun 2002 an hana ɓoye shi da hannu ko jiki. Na sha ganin yaro ya zo da zafinsa a ƙwace masa maki uku a jere ya rikice.

Ɗan Fagge: Duk na ji, amma da bat ɗin da robarsa ta zama kamar tayar keke wane murɗi zai yi?

Tsohon ɗan wasa: Nan kam kana da gaskiya. Ƙanena, goga ƙwai a kan robar. In ya zame sulul ba ta kama shi ba, ta mutu, canja ta. Matsakaiciya ta ishe ka, mai gudu da yawa ƙwanka zai riƙa wuce tebur. Kar ka bar bat a rana ko ƙarƙashin kujerar babur, kuma lokacin hunturu ka riƙa goge ƙurar da ɗan tsumma mai laima. Sannan ƙwan nan nauyinsa giram 2.7 ne kacal, iskar bakin layi na wasa da shi yadda ta so. In da hali, atisayen sabis a cikin ɗaki za ka yi.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Jiya na koma, na gaishe da Baba na roƙe shi ya yi min sabis ɗin nan ba tare da lissafi ba. Ya yi dariya ya ce tun ranar nan ya zaci zan tambaya. Ya ba ni wajen talatin, na dawo da goma sha ɗaya. Da muka yi wasa ya ci ni 11-7. Ya ce in zo ranar Laraba bayan la'asar, kuma ƙwan da duk ya faɗi ƙasa ni zan tsince.