Zan iya tsinka sauran firaima in rufe jikin mota da ita kafin launi?

Ɗan Yelwa, Garwa:
Assalamu alaikum. Starlet ɗin mahaifina ce, Allah ya jiƙansa, shekara uku tana ajiye gindin darbejiya, kuma na ci alwashin da hannuna zan yi mata fenti. Na cike lotsawar ƙofar baya da mastik, na fesa firaima ruwan toka, wato shafen farko kafin launi, wadda muke ce wa apire a nan, na goge da sanfefa 400. Yanzu jikinta ya yi dabbare-dabbare: nan toka, can tsohon ja, a kaifin kapo, wato murfin inji, har ƙarfe ya leƙo. Ina da ragowar wajen lita ɗaya. Wani ya ce in tsinka ta da tina in bi motar baki ɗaya, ba sai na sayi sila, wato shafen da ake rufe jikin mota da shi kafin launi, ba. Iyayen gida, haka ne?

Baba Toliye, Marwa:
Wa alaikumus salam. Allah ya yi wa mahaifinka rahama. Ɗana, ba ka faɗi abin da ya fi muhimmanci ba: firaimar taka gwangwani ɗaya ce ko biyu? In mai haɗin dursisa ce (ruwan da ke sa ta taurara), wato 2K, musamman ta epoksi, da yawansu kamfani ya yarda a tsinka su a rufe da su. Duba jikin gwangwanin, in an yarda za ka ga awo biyu, na cikewa da na rufewa. Wasu 4:1 ne wajen cikewa (firaima huɗu, dursisa ɗaya), 4:1:1 wajen rufewa (a ƙara tina ɗaya), amma naka gwangwanin za ka bi, ba bakina ba.

In kuwa mai bushewa da iska ce kawai, kada ka soma. Tinar da ke cikin launi za ta ratsa ta ta taso da na ƙasa. Na taɓa yi wa Carina ta wani ɗan kasuwa haka ina saurayi. Da yamma sumul, da safe kapo ya yamutse kamar fatar kaza, zagayen mastik ya fito ɗaya bayan ɗaya. Kwana huɗu ina kankarewa, kuɗin kayan kuma daga aljihuna.

Yi wannan gwajin yau: jiƙa farin tsumma da tina ka ɗora a tsohon jan na minti ɗaya. In launi ya biyo tsumman, tsohon fentin ba zai jure ba.

Mai Kwamfaresa, Kuseri:
Baba ya gama magana. Ƙari kawai, wajen rufewa hannu ɗaya ake yi, siriri mai jiƙa, da bakin pistole, wato bindigar fesawa, milimita 1.3 ko 1.4, ba 1.8 na cikewa ba. Ba a goge shi. Ka ba shi minti 20 zuwa 30 ya sha iska, ka ɗora launi. In ka bar shi ya wuce lokacin da aka rubuta a jikin gwangwanin, dole ka sake gogewa. Wurin da ƙarfe ya fito kuma epoksi yake so, in ba haka ba damina ɗaya tsatsa za ta ɓullo.

Hajiya Uwar Biyu, Ngawundare:
Ni ba sana'ata ba ce, amma ƙanena ya yi fenti a zaure babu takunkumi na kirki, ya kwana yana haki. Dursisa guba ce ga huhu. Don Allah nemi takunkumi mai gawayi a ciki, kuma a fitar da yara daga gidan.

Baba Toliye:
Gaskiyar Hajiya. Kuma zafin Garwa a watan 4 yana haura digiri 40, fenti kan bushe tun bai sauka a jikin mota ba, ya yi kaushi kamar yashi. Sayi tina mai jinkirin bushewa, ka fara bayan sallar asuba, ka yayyafa ruwa a ƙasa saboda ƙura, ka zubar da ruwan tankin kwamfaresa.

Ɗan Yelwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na duba, gwangwani ɗaya ce, babu dursisa. Tsumman ma ya fito jawur. Na ajiye ragowar gefe, gobe zan shiga kasuwa neman epoksi da takunkumin da Hajiya ta ce. Lita nawa zai ishi Starlet hannu ɗaya, har da cikin bakin ƙofofi?