"Ba a fafe gora ranar tafiya": wa take nufi a Markus 9?

Danladi:
Salama gare ku 'yan'uwa. Jiya a wurin nazarin Littafi Mai Tsarki muka karanta Markus 9:14-29. Ga wanda ya manta labarin: Yesu yana kan dutse da Bitrus da Yakubu da Yahaya, sauran almajirai tara suna ƙasa, sai wani mutum ya kawo musu ɗansa mai beben aljani, suka yi iya yinsu abin ya faskara. Yesu ya sauko ya tsawata wa aljanin, yaro ya warke. Da suka shiga gida almajiran suka tambaye shi dalilin da ya sa su suka kasa, ya ce irin wannan ba ya fita sai da addu'a da azumi. Wanda ya ja mana nazarin ya rufe da "ba a fafe gora ranar tafiya." Kowa ya gyaɗa kai, har da ni, amma maganar ta hana ni barci. Goran wa ba a fafe ba? Na almajiran ko na uban yaron?

Baba Istifanus:
Ku da kuka tashi da robar ruwa sai an fara gaya muku mene ne fafewa. Gora in ya bushe akan yanke bakinsa, a ƙwaƙule 'ya'yan da ke ciki, a zuba ruwa ya kwana, a zubar, a sake zubawa, har ɗacin ya fita. Wanda ya bari sai da safen tafiya, ruwa mai ɗaci zai yi ta sha a hanya.

To, ɗana, goran almajirai ne. Duba Markus 6, aya ta 7 da ta 13: an riga an ba su iko, an aike su biyu biyu, sun fitar da aljanu da yawa. Sai suka ɗauka abin ya zama sana'ar hannunsu. Ka lura kuma, da Yesu ya iso bai ce a dakata ya je ya yi azumin kwana uku ya dawo ba. Ko addu'a ba a rubuta ya yi a wurin ba, magana kawai ya yi. Nasa goran tuni yake a fafe: kwana 40 a jeji, ga tashi da asussuba zuwa wurin da ba kowa, kamar yadda Markus 1:35 ya nuna.

Rifkatu:
Baba, na ji bayaninka, amma ni da wannan karin maganar aka taɓa marina. Ɗana yana da farfaɗiya tun yana shekara huɗu. Wata rana ta kama shi a tsakiyar sujada, ina durƙushe na cusa ɗankwalina ƙarƙashin kansa kada ya bugi siminti, ina share masa kumfar baki, mutane sun yi mana zobe. Da ya farfaɗo ya yi barci a cinyata, sai wata babbar mace ta sunkuyo ta raɗa mini cewa da na yi ta azumi tun da wuri da ba a kai nan ba, ai ba a fafe gora ranar tafiya. Ba ta san sau nawa na wuni bakina a bushe saboda yaron nan ba. Tun ranar in na ji maganar sai gabana ya faɗi.

Mama Saratu:
Sannu 'yata, Ubangiji ya ƙarfafa ki. Wadda ta gaya miki haka ba ta karanta labarin da kyau ba. Uban yaron nan da wane shiri ya zo? Cewa ya yi wa Yesu, in kana iya yin wani abu ka ji tausayinmu. In kana iyawa fa! Da aka taɓo shi kan maganar sai ya ɗaga murya ya ce na ba da gaskiya, ka taimaki rashin bangaskiyata. Ba a tambaye shi kwana nawa ya yi azumi ba. Tambaya ɗaya Yesu ya yi masa: tun yaushe abin yake samun yaron? Ni in zan ɗora wa mutumin nan karin magana, "ranar wanka ba a ɓoyon cibi" zan ɗora masa. Ya buɗe rauninsa a gaban taro, ya koma gida da ɗansa lafiya.

Malam Yohanna:
Kafin a ɗora wa azumi nauyin nan duka, kowa ya buɗe nasa Littafin ya duba Markus 9:29. Wasu za su ga "addu'a da azumi," wasu "addu'a" kaɗai. Ku duba Matiyu 17 kuma, a fassarori da dama daga aya ta 20 sai ta 22, ta 21 tana can ƙasa cikin ƙananan haruffa. Dalili shi ne manyan kwafin Helenanci biyu na ƙarni na 4, wanda aka samo a gidan sufaye na Dutsen Sina'i da wanda ke ajiye a Batikan, a rubutunsu na asali ba su da "da azumi" a Markus, ba su kuma da waccan ayar a Matiyu. Mafi yawan kwafin da suka biyo baya suna da su. Lambobin ayoyi kuwa sai a 1551 aka sa su, daga rubutun da ke da ayar, shi ya sa gurbin ya fito fili.

Wani abin kuma: a Markus 2:18-20 an zo ana ƙorafi cewa almajiran Yesu ba sa azumi, shi da kansa ya kāre su, ya ce abokan ango ba sa azumi ango yana tare da su. Yaya zai juyo a sura ta 9 ya ga laifinsu kan abin da ya ɗauke musu?

Baba Istifanus:
Malam, ilimi ya yi daɗi, amma kada yara su ji ka su ce an soke azumi. A wurin da ka kawo ɗin, ƙarasa karatun: ranar da za a ɗauke angon, sa'an nan za su yi azumi. A Matiyu 6:16 kuma cewa ya yi sa'ad da kuke azumi, bai ce in kun ga dama ba. Ikilisiyar Antakiya ma da azumi da addu'a ta sallami Barnaba da Shawulu.

Rifkatu, ki yi haƙuri. Karin magana wuƙa ce, laifin mai riƙewa ne. Wannan ta mai hidima ce ya faɗa wa kansa. Ba a jefa ta ga uwa tana durƙushe.

Haruna:
Ni dai ina ganin muna sassauta abin da Yesu bai sassauta ba. A Markus 9:23 ya ce kome mai yiwuwa ne ga mai ba da gaskiya. A Matiyu 17:20 kuma ƙarara ya ce saboda ƙarancin bangaskiyarku ne. Mai nema yana tare da samu. In ba a samu ba, a ƙara nema, a ƙara azumi. Me ya sa muke jin nauyin faɗin haka?

Malam Yohanna:
Haruna, "ku" ɗin nan su wa ke nan? Almajirai ne, a keɓe. Ba uban yaron ba. Kuma a ayar ce ya ce bangaskiya kamar ƙwayar mastad ta isa kawar da dutse. In yawa ake nema, da bai zaɓi ƙwayar da ke ɓacewa tsakanin yatsu biyu ba.

Mama Saratu:
Ɗana Haruna, wa ya kai Dawuda nema? A 2 Sama'ila 12 ya ƙi abinci, ya kwana a ƙasa yana roƙo saboda jaririnsa, a rana ta bakwai yaron ya mutu. Ya tashi ya yi wanka, ya shiga ya yi sujada, ya ce a kawo abinci. Bulus sau uku ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherina ya ishe ka. Su ma goransu ne ba su fafe ba? Azumin da mutum ke ƙirgawa yana jiran a biya shi, ai Bafarisiyen nan na Luka 18 ya riga mu, sau biyu a mako.

Haruna:
Mama, na karɓi ta Dawuda. Ta Bulus kuwa ina da ja, don ba a faɗa mana ƙayar ciwo ce ba.

Ladi:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, bari in sa baki ta ɓangarena. Abin da Markus ya zana, faɗuwa, kumfar baki, cizon haƙora, sandarewar jiki, duk wanda ya taɓa jinyar mai farfaɗiya ya san su. Ban shiga gardamar aljani ko cuta ba, na bar wa malamai. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ke da farfaɗiya a duniya, kuma har kashi 70 cikin 100 na iya rayuwa ba tare da faɗuwa ba in sun samu maganin da ya dace. Na sha ganin yaron da aka dakatar masa da magani wai don a nuna bangaskiya, aka kawo mana shi cikin dare yana ta jijjiga ba tsayawa. In uwa za ta yi azumi ta yi, amma yaro ya ci abincinsa ya sha ƙwayarsa a kan lokaci. In ta kama shi, a kawar da abin da zai ji masa rauni, a juya shi gefe ɗaya, kada a tura masa cokali ko yatsa a baki. In ta wuce minti 5, a garzaya asibiti. In ana neman goran da za a fafe kafin ranar tafiya, ga ɗaya nan.

Danladi:
To ke nan goran ya zama biyu: na almajirai, na Anti Ladi, uban yaron kuma ya zo hannu rabbana. Baba, ranar Laraba in na tayar da maganar a wurin nazari aka ce na cika gardama, da sunanka zan fake.

Rifkatu:
Na gode muku duka. Har yanzu ina azumi ranar da na samu ƙarfi, amma na daina ƙirga kwanakin. Mama, yau da safe na sake karanta wurin, sai na ga abin da ban taɓa lura da shi ba: bayan aljanin ya fita yaron ya kwanta kamar gawa, har mutane suka ce ya mutu, sai Yesu ya kama hannunsa ya tashe shi. Wannan kwanciyar na san ta, haka nawa yake yi duk bayan faɗuwa. Anti Ladi, wata bakwai ke nan ba ta kama shi ba, amma maganin yana sa shi gyangyaɗi a aji. In jira ranar da aka ba mu, ko in mai da shi wurin likita tun yanzu?