Ninkuwar kundin gado ce ta zaunar da kifi a ruwan daɗi?

Ɗalibi: Salamu alaikum. Ina nan a kan bakata: ninkuwar da kundin gadon (wato jimillar ƙwayoyin gadon) kifayen teliyos, rukunin da ya ƙunshi mafi yawan kifayen yau, ya yi gaba ɗayansa, fiye da shekara miliyan 300 da suka wuce, ita ta ba su damar mamaye koguna da tafkuna. Jinin kifin ruwan daɗi ya fi ruwan da yake ciki gishiri, don haka kullum ruwa na kutsa masa, gishiri na zurarewa. Dole ya yi ta fitsari tsararo, ya riƙa janyo gishiri ta gaɓoɓin numfashinsa, kamar yadda August Krogh ya nuna a 1937. Wannan aikin 'yan dako ne, wato sunadaran da ke jikin tantanin ƙwayar halitta masu shigar da gishiri da ruwa da fitar da su. Da aka ninka ƙwayoyin gadonsu, sai guda ta riƙe tsohon aiki, guda ta koyi sabo.

Malama: Wa alaikumus salam. Ƙanena, to kifin gar na Amurka fa? Zuriyarsa ta rabu da teliyos kafin wannan ninkuwar, kundin gadonsa da aka wallafa a 2016 ya tabbatar da haka, kuma ga shi a ruwan daɗi lafiya lau. Sannan kifayen tuna da kod su ma sun gaji ninkuwar, amma suna teku.

Ɗalibi: Malama, ai adadi ba ya ƙarya. Mutum na da akwaforin 13, wato ƙofofin da ruwa ke bi ta tantani. Salmon na Atilantika na da 42, domin zuriyarsa ta sake ninkawa wajen shekara miliyan 80 zuwa 100 baya. Kuma shi ne kifin da ake ƙyanƙyashewa a kogi, ya tafi teku, ya dawo.

Dakta: Bari in sa baki, don abin nan ya daɗe yana damuna. Yawan kwafi daban, amfani da shi daban. Mafi yawan tagwayen da ninkuwar farko ta haifar sun lalace sun ɓace. Ku dubi famfon sodiyam da fotasiyam, wanda Jens Skou ya gano a 1957, mai fitar da sodiyam 3 ya shigo da fotasiyam 2. A gaɓar numfashin salmon, nau'in famfon da ake kira alfa-1a ne ke rinjaye lokacin da kifin ke cikin kogi. Da ya doshi teku sai ya ja baya, alfa-1b ya karɓi ragama. Karfasar Mozambik ma tana irin wannan sauyi, alhali ba ta yi ninkuwar salmon ba, kuma kowace zuriya da kanta ta kai ga dabarar. Abin da ya fi jan hankalina ke nan: lokacin kunna ƙwayar gado da kashe ta.

Malama: Haka ne, Dakta. Ƙara da kifin sitikilbak mai ƙaya uku. Ya shiga tafkuna bayan janyewar ƙanƙarar da ta rufe arewacin duniya, shekara dubu goma da 'yan kai baya, sau da dama a wurare daban-daban, ba tare da wata sabuwar ninkuwar kundi ba. Bambancin da ya riga ya kwanta a cikin danginsa na teku ya ɗauka.

Ɗalibi: Na karɓi maganar gar, ta karya rabin hujjata. Amma Dakta, kafin a raba aiki tsakanin alfa-1a da alfa-1b ai sai an sami biyu. Daga ina ta biyun ta fito?

Dakta: Tambaya mai kyau, ɗana. Ba sai kundi duka ya ninku ba. Ƙwayar gado ɗaya kan kwafi kanta, kwafin ya zauna dab da ita a kuromosom guda. Kifin zebra na da atp1a1a, ƙwayar gadon wannan famfon, har biyar, ninkuwa ɗaya kuwa biyu kawai take bayarwa. Ka ɗauko kundin gar, da na zebra, da na salmon, ka duba maƙwabtan kowace ƙwaya. In tagwayen suna kuromosom daban da maƙwabta iri ɗaya, maganarka ce. In suna jere kafaɗa da kafaɗa, tawa ce.

Ɗalibi: Da akwaforin zan fara, Dakta, don a can nake ganin hujjata ta fi ƙarfi.