Neman kalma: me za mu kira "gastrinoma" da Hausa?

Mai fassara: Salamu alaikum, malamai. Ana shirya takardar wayar da kan marasa lafiya, kalmomi biyu sun tsaya. Ta farko "gastrinoma", da ciwon da take haddasawa, wanda aka raɗa wa sunan likitocin tiyata biyu na Jami'ar Jihar Ohayo a Amurka, Robert Zollinger da Edwin Ellison, da suka bayyana shi a 1955. Ta biyu, me za mu kira maganin raɗaɗin da ake ba irin waɗannan marasa lafiya maimakon wanda aka saba? Shawarata ta farko: "gyambon ciki mai taurin kai".

Likitan ciki: Wa alaikumus salam, Malam. Sunan ya kama alama, ya bar tushe. Gyambon sakamako ne. Asalin abin ƙari ne ɗan ƙarami, sau da yawa bai kai santimita ɗaya ba, yana fitowa galibi a bangon farkon ƙaramin hanji, wani lokaci a fankiriyas, gaɓar da ke bayan tumbi. Shi ke zuba sinadarin gastirin cikin jini ba ƙaƙƙautawa, gastirin kuma shi ke umartar tumbi ya fitar da asid. Sai asid ya yi ambaliya: gyambo fiye da ɗaya, wasu a can ƙasan hanji inda olsa ta yau da kullum ba ta zuwa, ga ƙwannafi, ga gudawa mai maiƙo, domin asid ɗin yana kashe sinadaran da ke narkar da kitse. Wani ma gudawar ce kaɗai ke kai shi asibiti. In muka ce gyambon ciki, za a yi ta shan maganin olsa shekara da shekaru ba a nemi ƙarin ba, alhali fiye da rabinsu na daji ne, suna iya bazuwa zuwa hanta.

Malamar jinya: To a ce "ƙarin gastirin" mana, gajere ne.

Likitan ciki: Hajiya, a baki zai wuce, a rubuce akwai matsala. Mai karatu zai ɗauka "ƙarin" na ƙaruwa ne, kamar ƙarin albashi. Kuma ƙaruwar gastirin ba ta nufin akwai ƙari. Duk mai shan omefurazol, maganin rage asid, gastirin ɗinsa kan hau, haka wanda tumbinsa ya daina fitar da asid. Shi ya sa gwaji biyu ake haɗawa: a auna gastirin a jini kafin a ci komai, a kuma auna tsamin ruwan tumbi. A lafiyayye gastirin bai cika wuce 100 pg/mL (awon yawansa a jini) ba. In ya haura 1,000, ruwan tumbi kuma ya yi tsami ƙwarai, ƙasa da 2 a ma'aunin pH, magana ta ƙare. In yana tsaka-tsaki, sai a yi allurar sikiritin, wani sinadari da hanji ke fitarwa, a ga ko gastirin zai yi tsalle da fiye da 120. Kada kuma kowa ya yanke shan maganinsa da kansa don zai yi gwaji. Cikin 'yan kwanaki hanji na iya hujewa ko ya zubar da jini.

Likitan tiyata: Ni dai a raba su biyu. Ƙarin: "ƙari mai fitar da gastirin". Ciwon: "ciwon ambaliyar asid", a biyo da Zolinja-Elison ga mai son bincike. A takardar a ƙara layi ɗaya: kusan ɗaya cikin huɗu na masu shi gado ne, tare da ƙari a wasu ƙwayoyin wuya masu kula da kalsiyam, don haka a auna kalsiyam, a kuma tambayi tarihin dangi.

Mai haɗa magunguna: Na goyi baya, ranka ya daɗe. Ta biyun ce ta fi damuna. In aka rubuta "madadin maganin ciwo", mutanenmu jiƙe-jiƙe da kanwa za su ji. Kanwa takan kwantar da zafin na ɗan lokaci, asid ya dawo yadda yake. Madara ma haka, kalsiyam ɗin cikinta yana ƙara tunzura gastirin. Abin da ake nufi shi ne a guji ibufurofen, daikulofenak, firoksikam da asfirin, domin suna hana tumbi yin majinar da ke kare bangonsa. Haɗarin ya fi yawa a ƙwayoyin "haɗi" da masu talla ke ƙullawa a leda don ciwon jiki, ba suna ba kwali. Abin da ya rage shi ne farasitamol: giram 1 duk awa 6 ga babba, kada ya wuce giram 4 a yini, a rage in ƙarin ya taɓa hanta. Ciwon baya ko na gaɓoɓi, a gwada gashi da ruwan ɗumi da motsa jiki tukuna. Ciwon cikin kansa kuwa, rage asid ne maganinsa: omefurazol ana farawa da miligiram 60 a yini, ninki uku na miligiram 20 da ake ba mai olsa, a sha kafin abinci. In an daɗe a kai, a riƙa duba bitamin B12.

Malamar jinya: Sai mu ce "maganin raɗaɗi mara cin tumbi". Ko wadda ba ta yi boko ba za ta gane. A sa alamun gaggawa a ƙasa: baƙin bayan gida, aman jini, ko ciki ya ƙame kamar katako.

Mai fassara: Na rubuta ukun yadda kuka faɗa. Saura fankiriyas: wasu na rubuta "saifa".

Likitan tiyata: A'a, Malam, saifa daban take, tana hagu ƙarƙashin haƙarƙari, aikinta tace jini. A bar fankiriyas, a ce gaɓar da ke bayan tumbi mai fitar da insulin.