Taron ƙara wa juna sani a Jami'ar Ɗanfodiyo: ina zan sauka, kuma yaya zan yi zirga-zirga?

Malama daga Maiduguri:

Assalamu alaikum. Malamaina da 'yan uwa na Sakkwato, shawara nake nema. An karɓi maƙalata a wani taron ƙara wa juna sani na kwana uku da za a yi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo cikin watan Afrilu, Laraba zuwa Juma'a. Ban taɓa taka Sakkwato ba. Takardar gayyata ta ce za a buɗe taro ƙarfe 10 na safe a babban ɗakin taro, sauran zama kuma "a tsangaya", ba ƙarin bayani. Jirgi zan biyo ta Abuja. A wane ɓangaren gari ya kamata in kama masauki? Da me ake shiga jami'ar? In an shiga, ƙafa za ta iya kai mutum daga zaure zuwa zaure? Ba na hawan babur, kuma gwiwata ba ta son doguwar tafiya. Allah ya saka da alheri.

Malamin Runjin Sambo:

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya kawo ki lafiya. Kafin maganar masauki, ki fara warware abu guda: jami'ar nan ba wuri ɗaya ba ce, wuri uku ce, kuma ba maƙwabtan juna ba ne.

Akwai matsugunin dindindin da ke Dundaye a ƙaramar hukumar Wamakko, arewa da gari, ƙetaren gulbin Rima. Can ne ofishin shugaban jami'a yake, da ɗakin karatu na Abdullahi Fodiyo, da cibiyar binciken makamashi, da mafi yawan tsangayoyi. Akwai tsohon matsuguni na cikin gari, wanda aka zauna tun farko bayan kafa jami'ar a 1975, lokacin sunanta Jami'ar Sakkwato, kafin a sauya mata suna a 1988. Har yanzu ana aiki a can, kuma ana yin taruka. Sai na uku, ɓangaren koyon aikin likita da ke haɗe da asibitin koyarwa a Gawon Nama. In taronku na likitoci ne, ba mamaki duk kwana ukun ba za ki ƙetare gulbi ba. In na harshe ne ko tarihi ko kimiyya, akasari Dundaye za ki nufa, amma kada ki ɗora a kan zato. Ki kira sakataren kwamitin shirya taro, ki ce ya rubuto miki abu uku a saƙo: wane matsuguni, sunan ginin, da lambar ɗakin da aka sa rukuninki. Kalmar "a tsangaya" ba adireshi ba ce. Sau da yawa ana buɗe taro a wuri ɗaya, a watse zuwa rukuni-rukuni a wani ginin, liyafar dare kuma a yi ta a otal cikin gari.

Wani ruɗanin kuma a bakin filin jirgi yake farawa. Filin jirgin Sultan Abubakar III yana kudu da gari, kuma a wannan hanyar ce Jami'ar Jihar Sakkwato take. In kika ce wa direba "jami'a" kawai, yana iya sauke ki a ƙofar ta jiha, ku yi sallama kowa na murna. Ki ce "Ɗanfodiyo, ta Dundaye", ko ki ce "famanan", yadda ɗalibai da direbobi ke kiran matsugunin dindindin. Daga filin jirgi zuwa can sai kin ratsa gari daga kudu zuwa arewa, don haka ki ware awa guda, kada ki yi lissafin sauka da safe ki tarar da buɗe taro. Ki zo ranar Talata.

Masauki kuwa, manyan otal irin Giginya da Shukura duk cikin gari suke. In kwamiti ya ce akwai ɗaki a masaukin baƙi na jami'a, ki kama da wuri, don ɗakunan ba su kai yawan mahalarta babban taro ba, kuma manyan baƙi ake fara ba. In babu, ki sauka inda mafi yawan mahalarta suka sauka, ko da ya ɗan fi tsada. Dalili: motar kwamiti can take zuwa ɗaukar mutane, ba za ta zagaya don mutum ɗaya ba.

Ɗan Dundaye:

Malam ya gama magana kan wurare, ni bari in taɓo tahiyar kanta. Hanyar da kowa ka bi daga gari ita ta wadda ta bi ta Kwalkwalawa, ta ƙetare fadama da gada. Wagga gada ita ta ambaliyar ruwan watan Satumba na 2010 ta karya, jami'a ta yanke daga gari sai an yi dogon zagaye. An gyara tun tuni, kuma ke da za ki zo da bazara ba ruwanki da wannan. Abin da za ki lura da shi dai hanya guda ce kowa ke bi, ma'aikata da ɗalibai da mutanen ƙauyukan da ke kewaye, ga masu jakai da amalanke da dabbobi. Tsakanin 7:30 da 9 na safe kowa na tahiya ciki, daga la'asar kowa na hitowa. Ki ba hanya minti 40 daga tsakiyar gari zuwa ƙohwar zaure, ba zuwa ƙohwar jami'a ba, don daga get zuwa inda gine-gine suke ma tahiya ce ta kanta. Kada ki yarda direba ya aje ki a get ya ce an iso.

Motocin haya na ɗalibai a Dandima suke lodi. Suna da arha, amma ba su tashi sai sun cika, kuma da safe turmutsutsu ne. Ga mai ciwon gwiwa, riƙe da kwamfuta, ban ba ki shawara ba. Kabu-kabu kin ce ba ki hawa, to saura biyu: Keke Napep, wanda nan za ki ji ana ce ma agwagwa da buje, ko tasi. Ki ɗauki shata. Ku yi ciniki kahin ki shiga, ki faɗi sunan ginin, ki tabbatar ya ji cewa ciki za shi shiga. Ki karɓi lambarshi, ki aje mishi lokacin dawowa, ki biya kuɗin zuwa kaɗai, na dawowa sai ya dawo. Wanda anka biya duka da safe, da marece sai wayarshi ta ƙi shiga.

Matsala ba zuwa ba ce, komawa ce. Da magariba ta gabato abin hawa na ƙaranci cikin jami'a, kuma baƙuwa ba ta da dalilin tsayuwa bakin hanya cikin duhu. In zama ya ja ya wuce 5:30, ki nemi wanda za ki bi tun ana hutun la'asar. Ki riƙe ƙananan kuɗi a hannu. Akwai masu POS, amma taransifa ga mai Keke a bakin fadama, inda sabis kan yi rauni, ɓata lokaci ne.

Hajiya ta Mabera:

Ƙanwata, sannu da shiri. Ni zancen cikin harabar zan yi, don nan ne baƙi suka fi wahala, ba a hanya ba.

Afrilu tsakiyar zafin Sakkwato ne. Daga Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi kan haura 40 da rana. Na san Maiduguri ma ba baya ba ce wajen zafi, amma a gida kin san inda inuwa take, nan ba ki sani ba. Gine-ginen a warwatse suke, fili ne mai faɗi, kuma ba kowace hanya ce itatuwan dogon yaro suka rufe ba. Lafiyayyen mutum na cin kilomita ɗaya cikin minti 12 zuwa 15. Ke da gwiwa, cikin ranar ƙarfe 1, ki lissafa 20, kuma za ki isa a jiƙe da gumi, numfashi sama-sama, a ce ki hau mumbari. Don haka tafiyar ƙafa ki bar ta ga safiya kafin 10. Bayan nan, duk inda ba ki hango ginin da idonki ba, ki nemi mota. Ba abin kunya ba ne ki roƙi wani malami mai mota ya rage miki hanya, an saba.

Ranar farko, da kin yi rajista kin karɓi jadawalin taro, kada ki zauna jiran manyan baƙi. Buɗe taro kan jinkirta, to ki ci moriyar wannan lokacin. Ki sami ɗaya daga cikin ɗaliban da aka sa jagorancin baƙi, ki ce ya kai ki ɗakin da za ki gabatar da maƙala. Ki ga ko a bene yake. In a sama ne, ki gaya wa kwamiti tun ranar, musanya ɗaki ko rukuni abu ne mai sauƙi in saura kwana guda, mai wuya in saura minti goma. Ki duba inda soket yake, da irin wayar da majigi ke karɓa. Tsofaffin majigai VGA suke ci, sababbin kwamfutoci kuma HDMI kawai gare su, wasu ma USB-C, don haka ki sa ɗan mahaɗi a jaka. Ki ajiye maƙalar a filashi, kwafi ɗaya PowerPoint, ɗaya PDF, saboda ƙ da ɗ da ɓ kan rikiɗe su koma akwati-akwati in kwamfutar zauren ba ta da irin rubutun da kika yi amfani da shi. Ki buga kwafi biyu a takarda. In wuta ta ɗauke kafin a tada janareta, shugaban zama ba zai tsayar da agogo dominki ba.

Jadawalin da aka buga kuma kada ki riƙe shi kamar aya. In bikin buɗewa ya ci awa guda fiye da ƙima, komai zai matsa, a haɗe rukuni biyu a ɗaki ɗaya, a sanar a zauren WhatsApp na mahalarta kawai. Ki tabbatar an sa ki ciki, kuma ki isa ɗakinki minti 20 kafin lokaci.

Ruwa: ki shiga da gora babba ta lita ɗaya da rabi, ki ƙara wata da rana. Kada ki jira ƙishi. Lema, takalmi mara tsini, mayafi mara nauyi. Makewayin wasu sassa a kulle yake, makulli na wurin sakatariyar sashe ko masinja, ki tambaya kawai. Su ne kuma za su nuna miki inda mata ke salla kusa, ba sai kin taka har babban masallaci ba.

Malama daga Maiduguri:

Allah ya saka muku da alheri, kun buɗe mini ido. Na kira sakatare, ya ce Dundaye ne, maƙalata kuma ranar Juma'a ƙarfe 11:30. Ga shi ina son in bi jirgin yammacin ranar. Zai yiwu?

Malamin Runjin Sambo:

Malama, 11:30 na Juma'a shi ne lokacin da ya fi kowane haɗari a jadawali. In zaman safe ya makara da rabin awa, ke za a matse, don da rana ta take zaure zai fara watsewa, maza su nufi masallaci, a ce ki taƙaita cikin minti biyar. Ki roƙi a dawo da ke zaman farko na safiyar, ko ranar Alhamis. Kullum akwai wanda bai zo ba, gurbi ba ya wuya.

Direbanki ma masallaci za shi. Ko dai ya fito da ke kafin 12:30, ko ki haƙura sai an sauko. Cikin gari ana tare tituna kusa da masallatan Juma'a, musamman wajen Masallacin Shehu da na Bello kusa da fadar Sarkin Musulmi, don haka ya bi ta bayan gari zuwa filin jirgi. Ki bar otal da safe da kayanki a but, kada ki ce za ki koma ɗauka.

Kuma ki gyara lissafin salla. Sakkwato na yamma sosai, rana na faɗuwa kusan rabin awa bayan ta faɗi a Maiduguri. In manhajar wayarki ba ta sauya gari da kanta ba, za ta kira miki magariba ga rana tsaye.

Ɗan Dundaye:

Ni dai da za ki ji tawa, Malama, ki mai da tikitin Asabar. Takardar shaidar halarta sai an rufe taro ake rabawa, rasit ɗin rajista ma wani lokaci sai ranar, kuma su za ki kai ma ofishin kuɗi na jami'arku kahin a biya ki. Karɓo su daga nesa wahala ce. In kin kwana, da marecen Juma'a sai direba ya kai ki Hubbaren Shehu, kusa da fada yake.